Fitilar Mai Haƙa Rijiya

Ɗanzomo,
ƙarshen kaka.

Zuwa ga 'yata Husaina,

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Gaisuwa mai yawa da sa albarka daga mahaifinki, Haruna mai haƙa rijiya. Ina roƙon Wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi ya kai ki Kano lafiya, ke da abin da ke cikinki da gwaggonki Tabawa, ya sa ku iske mijinki Sabo cikin ƙoshin lafiya.

Na san za ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuke gida ɗaya har jibi. Na kuma san za ki yi dariyar rubutun, don bokon yaƙi da jahilci ne, kaza ma in ta taka tawada ta fi ni tsari. To, ki yi dariyarki. Akwai maganar da uba ba ya iya kallon idon 'yarsa ya faɗa, ni kuwa na kai shekara ashirin ina haɗiye ta. Zan cusa takardar cikin kayanki, ki buɗe bayan jirgi ya bar Gagarawa Tasha.

Cikinki wata bakwai ke nan. In Allah ya yarda za ki sauka a tsakiyar ɗari, a ɗakin haya a birni, kuma tunda mahaifiyarki ta riga mu gidan gaskiya, gwaggonki ce za ta yi miki wankan jego. Wannan shi ya hana ni sukuni. Ba sanyin nake jin tsoro ba, wutar da za a hura a kore shi nake tsoro, da ƙofar da za a rufe a kan jaririn. Tare da takardar nan za ki ga wata tsohuwar fitila aci-balbal naɗe cikin tsumma. Kada ki raina ta, kada kuma ki bari gwaggonki ta ba wa 'yan gwangwani. Bari in gaya miki tarihinta, wanda shi ne tarihin wautata.

Ina saurayi, gemu bai fito ba, aka haɗa ni da Malam Kalla, wani dattijo mutumin Damagaram da ya zauna a Maigatari, don ya koya mini sana'a. Kafin kowa ya sa ƙafa a rijiya sai ya kunna fitilar nan, ko da rana tsaka ce, ya ɗaura mata siririyar igiya, ya zura ta sannu a hankali har ƙasa, ya kwanta rub da ciki yana leƙenta. In harshen wutar ya tsaya cak, sai ya ce bisimilla. In ya ƙanƙance ya yi ja, sai ya jawo ta, ya sa a ɗaure damin ganye a igiya a yi ta ɗagawa ana saukewa har iskar ciki ta sake. Ni kuwa da ƙuruciya na ɗauka camfi ne irin na tsofaffi. A raina na ce, rami dai rami ne, me zai hana iska shiga abin da bakinsa ke buɗe?

Wata bazara aka kira mu yasar wata tsohuwar rijiya kusa da kasuwar dabbobi. Malam Kalla ya tsaya gaisuwar mutuwa, ya makara. Na ga mutane sun taru, ga 'yan mata masu jiran ruwa suna kallo, sai na tuɓe riga na ce wa masu riƙon igiya su sauke ni. Ban kai ƙasa ba na ji kunnuwana suna kuka, ƙirjina yana haki kamar na wanda ya yi tsere, alhali a zaune nake kan igiya. Ba wari, ba hayaƙi, ba abin da ido ya gani. Abin da na sani bayan wannan shi ne ina kwance a rairayi ana sheƙa mini ruwa, ga Malam Kalla tsaye a kaina.

Bai doke ni ba, kuma da ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, “Haruna, hitila ba ta da uwa, shi ya sa take riga mu sauka. Kai kuwa ka baro taka a Ɗanzomo. Taso ka gani.”

Ya kunna ta, ya zura, ya danna kaina a bakin rijiyar. Tana sauka da wutarta lafiya lau har wajen gaba goma sha biyu. Daga nan harshen ya fara tsukewa, ya koma kamar ƙwayar gero, ya mutu. Ba wanda ya hure ta, ko igiyar ba ta motsa ba. A wannan rana na gane iska halitta ce kamar ruwa, tana da mai rai tana da matacciya, tana kwanciya a wuri ta ruɓe, kuma Allah ya ɓoye ta daga idonmu duk da cewa ba mu iya rabuwa da ita daidai da tsawon Fatiha uku. Na yi ta salati har masu kallo suka ɗauka aljanun rijiyar ne suka taɓa ni.

Don haka abu na farko, kada ki ce sai abin da idonki ya gani. In kina zaune a ɗaki kika ji kanki yana sarawa ba dalili, ko wata kasala mai daɗi tana jan ki barci da rana, kada ki tsaya neman jiƙo. Tashi ki fita waje tukuna. In ciwon ya sake ki a tsakar gida, to ɗakin ne ba shi da lafiya, ba ke ba.

Sai ki ce mutumin da aka jawo daga bakin kabari ya gama koyon darasi. Ina! Shekaru bayan nan, na riga na zama mai gidan kaina, muna haƙa sabuwar rijiya a Gagarawa Tasha ni da abokin aikina Audu, wanda kika sani da tarinsa. Lokacin ɗari ne, an gama ɓarar gyaɗa, ɓawonta tsibi-tsibi ko'ina bayan tasha. Na zura fitila da sassafe, ta ci da kyau, Audu ya sauka. Ni da ke sama sanyi ya ishe ni, yatsuna sun ƙage, sai na tara ɓawon gyaɗa taku uku daga bakin ramin na cinna masa wuta. Kowa ya san hayaƙi sama yake yi, ko ba haka ba?

Ranar bai yi sama ba. Iska ba ta motsi ko kaɗan, sai na ga hayaƙin ya ɗan tashi, ya sunkuyo, ya bi ƙasa yana rarrafe, ya isa bakin rijiyar ya dinga zuba ciki kamar ana tsiyaya koko a ƙwarya. Ga inda wautar take: maimakon in kashe wutar, sai na saki baki ina kallon ikon Allah, don ban taɓa ganin abu mai ban mamaki irinsa ba. Sai da igiya ta fizgi hannuna na tuna akwai ɗan mutane a ƙasa. Da muka jawo shi, idanunsa jajawur, ya daɗe yana kakari kafin ya iya magana.

Da ya samu numfashi ya ce, “Haruna, ka ga na yi maka kama da kifin Nguru ne, da za ka yi banda da ni?”

Muka yi dariya har da hawaye. Amma tun daga shekarar nan Audu bai sake sauka rijiya ba, kuma duk ɗari sai tarin ya dawo masa. Ya yafe mini tuntuni. Ni ne dai in na ji shi yana tari a sahun masallaci sai in kasa ɗaga kai.

Daga baya na yi ta nazarin abin, don mai haƙa rijiya yana da lokacin tunani fiye da malami. Da bazara iskar ƙasan rami sanyi gare ta, ta sama kuwa zafi, sai ta ƙasan ta kwanta ta ƙi tashi har ta mutu. Da ɗari kuma iskar asuba ce mai sanyi da nauyi, tana neman gangare, duk abin da ta tarar a hanya ta tafi da shi. Rami ɗaya, amma kowane lokaci da irin haɗarinsa. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya auna wannan.

Ashe gari ma haka yake. Wata safiya ta ɗari ina tafe Gumel a kan jaki, na hau wata jigawa daidai fitowar rana, na duba inda garin ya kamata ya kasance, sai na ga babu shi. Wani shuɗin abu ya kwanta a kansa, samansa a miƙe kamar an ja zare, kawunan dogayen itatuwa kaɗai suka ɓullo. Bisa da shi kuwa sarari garau. Hayaƙin kowane gida yakan tashi kamar tsawon mutum uku, sai ya tsaya kamar ya bugi rufi, ya bazu gefe ya haɗu da na maƙwabta. Na sauka daga jakin na tsaya. Duk mutanen garin nan, sarki da talaka, suna ƙarƙashin murfi ɗaya suna shaƙar hayaƙin tuwon juna, ba wanda ya sani. Da na shiga na iske kowa yana harkarsa, ana tari ana gaisawa, ana cewa sanyin bana ya zo da mura. Sai da hantsi ya dubi ludayi, rana ta gasa ƙasa, sannan aka ɗage murfin, hayaƙin ya samu hanya.

Tun daga ranar hancina ya buɗe. Yanzu ko an ɗaure mini ido aka ajiye ni a tsakiyar Gumel, zan gaya miki lokacin da ake ciki. Da kaka akwai ƙaurin ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa, ga ƙamshin suyar ƙuli-ƙuli mai daɗi a hanci mai shaƙe maƙogwaro. Da bazara hayaƙin sassabe ne ke shigowa daga gonaki, furen darbejiya ya cika titi da ƙamshi har ya sa wasu atishawa, juji kuma ya kama ci da kansa ta ciki ba wanda ya cinna masa. Da damina ɗanyen itace ne, da kwata mai tsami. Ɗari kuwa shi ne babbansu, don a lokacin kowa ke hura wuta, kuma a lokacin ne sama ke ƙin karɓar hayaƙi. Tun farin da ya wuce, da ruwa ya ƙi sauka itace ya yi wuya, mutane suna ƙona abin da da ba a ƙonawa, daga kashin shanu da kara har tsumma da tsohon takalmi.

To Gumel ke nan, da za ki zaga ta kafin tuwo ya huce. Ina ga Kano? Cin rani biyu na yi a can, na kuma koma watan jiya na ga ɗakin da Sabo ya kama. Yanzu ba Kanon da na sani ba ce. Tun da aka koma tuƙin hannun dama kamar motoci da babura haihuwa suke yi. Ga gidajen burodi, ga masu tsire, ga masu babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya, ga dogayen bututun masana'antu. Gidan naku kuma ɗaki takwas ne kewaye da 'yar tsakar gida, bango dogo, kowace ƙofa da murhunta. Na tsaya a tsakiya na ɗaga kai, na ga sama ɗan faifai, daidai yadda nake ganinta daga ƙasan rijiya. Na shiga ɗakin na ga taga ɗaya ce, wanda ya tashi kuma ya toshe ta da kwali. Na cire kwalin da hannuna, Sabo yana kallona yana tsammanin tsufa ne.

Saboda haka ki riƙe wannan. Da sassafe lokacin ɗari, sa'ad da matan gida takwas suka hura wuta lokaci guda, kada ki goya jariri ki duƙa kan murhu, kada kuma ki shimfiɗe shi a ƙasa a tsakar gida, don hayaƙin sanyi ƙasa yake bi. Ki ɗan jinkirta girkinki zuwa hantsi ko da za a ce ke raguwa ce. Bayan magariba murfin nan yakan dawo, ki kula. Rishon da Sabo ya saya miki, a waje za ki kunna shi, a waje za ki kashe, don warinsa ya fi yawa a wannan lokaci biyu.

Da damina kuma kada ki yi irin tawa. Shekarar da aka kawo mahaifiyarki, sauro ya dame mu, sai na tuna yadda Fulanin rugar bayan gari ke yi wa shanunsu hayaƙi. Da magariba na cika kasko da busasshen kashin shanu na kai ɗakin amarya, ina ji da kaina na yi dabara. Ba a jima ba ta fito tana share ido da gefen zane, ta ce, “Malam, sauron dai ya fita, ga mu nan mun biyo bayansa. Wa ka bar wa ɗakin?” Na manta shanu a fili suke kwana. Ki nemi gidan sauro, shi ba ya shiga ƙirji. In kuma ruwan farko ya sauka, ki fito da yaron bakin ƙofa bayan an ɗauke. Ki dubi yadda Allah ke wanke iskar gari guda cikin ɗan lokaci, abin da duk masu shara na duniya ba za su iya ba, har ki hango bishiyar da kika manta tana nan. Ban taɓa ganin wannan ba tare da na yi hamdala ba.

Mijinki bakanike ne, ki gaya masa da ladabi kada ya ajiye galan ɗin fetur a ɗaki, musamman da bazara. Na ga gangunan mai a tashar Maigatari da rana tsaka, iska tana rawa a bakinsu, ba wuta ba hayaƙi. Abin yana numfashi ne, kuma zafi ke ƙara masa. Kayan aikinsa ma ya tuɓe su a waje kafin ya ɗauki ɗansa.

Na yi ta kewaye-kewaye, Husaina, kamar jaki a bakin rijiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin san ke 'yar tagwai ce. Kin san 'yar'uwarki Hassana ta koma tana da kwana goma sha biyu, kuma duk wanda kika tambaya ya ce miki sanyi ne ya shige ta. Haka gwaggonki ta yi imani har gobe. Ba sanyi ba ne.

A tsakiyar ɗari aka haife ku, ƙanana, kowace ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Tsoro ya kama ni. Ba wanda ya sa ni, ni da kaina na kwaɓa laka na toshe 'yar tagar ɗakin mahaifiyarku, na rataya tabarma bayan ƙyaure, har ana yaba mini ana cewa ga mijin da ya san darajar mai jego. Ran nan bayan sallar asuba, mahaifiyarku ta zaga bayan ɗaki don wankan safe. Ke mai kuka ce tun ranar farko, ba ki yarda a ajiye ki, sai gwaggonki ta saɓa ki a kafaɗa ta fita da ke wajen tukunyar ruwan zafi. Hassana kuwa mai haƙuri ce, aka bar ta tana barci.

Na leƙa kafin in tafi aiki. Na ji kamar ɗakin ya huce, duk da garwashin da ke ƙarƙashin gadon ƙasa. Itacen kirki ya tafi wajen dafa ruwan wanka, sai na ɗebo garwashi a kasko, na zuba masa ɓawon gyaɗa da 'yan ƙirare masu danshin raɓa, na ajiye kusa da Hassana. Fitilar nan, da Malam Kalla ya bar mini na kuma bar wa ɗakin jego, tana ƙasa a gindin gado, an manta ba a kashe ba. Na ga harshenta ya tsuke ya yi ja. Na ɗaga ta na girgiza, na ji da mai. Na ce lagwani ne ya gajarta. Na mayar da ita, na ja ƙyaure, na gyara tabarmar don kada iska ta shiga, na kama hanya raina fari.

Rijiyar da muke aiki tana bayan gari. Na isa, na kunna fitilar da na ara don aikin ranar, na sunkuya ina ɗaura mata igiya. Ƙulli na biyu nake yi sai hannuna ya tsaya. Ni, Haruna, da ba na barin ƙaton namiji ya sauka inda fitila ta tsuke, na ga ta tsuke da idona, na rufe ƙofa a kan jaririya. Na yar da igiyar na zuba a guje, ban san inda takalmana suka faɗi ba.

Tun daga zaure na ji salati. An riga an buɗe ƙofa, hayaƙin ya fice, mata sun cika ɗakin. Gwaggonki tana riƙe da Hassana tana cewa, “Wayyo, sanyi ya shige ta, wutar ba ta isa ba.” Na duba gindin gado. Fitilar tana ci, harshenta dogo, tsaye cak, da lagwanin da na ɗora wa laifi.

Na bar su a kan cewa sanyi ne. Bayan mun dawo daga maƙabarta na ɗauki dagi na fasa lakar tagar nan, mutane suka ce baƙin ciki ne ya taɓa ni. Ban sake yarda an toshe ta ba. Kin tuna kina 'yar shekara bakwai, wata safiya kika cusa mata tsumma don sanyi, na daka miki tsawar da ta sa kika wuni ba ki ci abinci ba? Ba ki yi laifi ba, 'yata. Ki yafe mini wannan ma.

Mahaifiyarki ba ta taɓa tayar da maganar ba sai a ciwon ajalinta. Ina zaune gefenta, ta dubi tagar ta ce, “Malam, ai na gane tun ranar da ka fasa ta. Ni ma kwana uku kaina yana sarawa a ɗakin nan, na yi shiru don kada a ce na cika raki. Kayan ba naka ba ne kai kaɗai.” Allah ya jiƙanta. Ta so ta rage mini nauyi ne, amma ita ba a taɓa danna kanta a bakin rijiya an nuna mata ba.

Na yi imani rai na Allah ne, kuma ba mai wuce kwanansa. Malamin da na yi wa tambaya a kaikaice ya ce kuskure ba ganganci ba ne, in yawaita istigfari. Ina yi. Amma Allahn da ya rubuta ajali shi ne ya ba ni ilmin fitila ta hannun Malam Kalla, na yi amfani da shi a rijiyar kowa ban da gidana. In na kuma yi shiru kika tafi ba ki sani ba, wannan karon ba kuskure ba ne.

Shekaranjiya na gwada yi wa gwaggonki magana. Na ce, “Yaya, in Allah ya sauke yarinyar nan, a riƙa barin taga a buɗe.”

Ta ajiye tsintsiya ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, “Haruna, kai dai rijiya ka sani, jego namu ne. Sanyi ya ƙwace mini ɗaya a hannu, ba zai ƙara ba. Wannan karon wuta biyu zan hura.”

Na bar maganar a nan. Yayata ce, ita ta goye ni, kuma shekara ashirin tana zargin kanta da ƙarancin wuta. Tana son ki kamar ranta, wannan son shi nake tsoro, don irinsa ne ya sa na kwaɓa laka.

Ga abin da nake roƙonki. Ki yi wankanki, ki sha kunun kanwarki, ki bi gwaggonki a duk abin da ta ce, ban da abu uku. Ba a toshe taga. Ba a shigo da garwashin da bai gama ci ba, balle a ƙara masa ɓawo ko ɗanyen itace. Ba a rufe ƙofa a kan jariri da wuta shi kaɗai, ko da na tsawon alwala ne. In yana jin sanyi, ki ƙara masa zane ki manna shi a ƙirjinki, Allah ya riga ya hura wuta a nan wadda ba ta hayaƙi.

Fitilar kuma ki zuba mata mai, duk lokacin da akwai garwashi a ɗakin ki kunna ta, ko da rana ce, ki ajiye ta ƙasa daidai inda kan yaron yake, nesa da zane. Za a yi miki dariya, a ce 'yar ƙauye tana kunna fitila da hantsi. Ki bar su. Kada ki ce tunda tana ci komai lafiya, don ba kowace mugunyar iska take nunawa ba, ciwon kanki ma shaida ne. Amma in kika ga harshenta ya tsuke ya yi ja, kada ki girgiza ta, kada ki duba lagwani. Ɗauki ɗanki ki fita.

In gwaggonki ta ƙi, ta ce ke yarinya ce ba ki san komai ba, to ki zaunar da ita ki karanta mata takardar nan tun daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake komai. Ya kamata ta san wutarta ba ta gaza ba. In za ta tsine mini ta tsine, in ta dawo Ɗanzomo ta faɗa wa duk garin, na yarda. Gara a nuna ni da baki a kasuwa da in sake bin ƙaramin likkafani.

Na sha zama a ƙasan rijiya gaba talatin, in ja numfashi in ji ya shiga, in rasa abin da zan ce sai Allahu Akbar. Tun daga can sama Ya aiko mini da shi har cikin ramin, ban biya ba ban roƙa ba. Shi nake roƙo ya aiko wa jikana nasa na farko, ya kuma biyo shi da na biyu da na uku har tsufa. Allah ya raba ku lafiya. Allah ya tsare ki a jirgi da mota, ya tsare ki daga sharrin abin da ake gani da wanda ba a gani, ya ba ki maƙwabta nagari, ya sa albarka a aurenki. Allah ya jiƙan mahaifiyarki da Hassana, ya sa ta cece mu duk da abin da na yi.

Ki gai da Sabo. In an yi suna lafiya kada ki wahalar da kanki da doguwar takarda, layi ɗaya ya ishe ni: ki ce mini tagar a buɗe take.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Haruna mai haƙa rijiya.